Gaiwa a Cikin Laka: Ciwon da Ke Kwana a Jikinmu da Zargin da Muke Ɗora wa Juna

'Yan'uwa Hausawan Malanville da na ƙetaren kogi.

Aikinmu a zauren dattijon jama'armu shi ne riƙon littafi. Mu rubuta wanda ya kawo ƙara, da abin da aka faɗa, da yadda aka rabu. Mun daɗe a kan wannan aiki, kuma mun lura da wata irin ƙara da ke yawan dawowa, ko da yake kowane lokaci da tata fuskar. Ciwo ya fito a jikin mutum, sai danginsa su bar ciwon su shiga neman wanda ya sa shi. Yau muna so mu yi magana a kan wasu cututtuka 'yan gida ɗaya waɗanda suka fi kowace cuta jawo irin wannan ƙara, domin mun ga aure ya girgiza a kansu, mun ga mutuncin mace ya zube, alhali babu mai laifi ko ɗaya a cikin gidan.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Wani bawan Allah, ɗan kasuwar albasa, mai shekara sittin da 'yan kai, ya kwana biyu yana jin zafi a haƙarƙarinsa na hagu kamar an ɗora masa garwashi, ba tare da an ga komai a fatar ba. A rana ta uku sai ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo ta ƙarƙashin hammata har ƙirji, suka tsaya cak a tsakiya kamar an ja musu layi. Tsofaffin gidan suka duba suka ce wannan ba ciwon Allah ba ne, jifa ne, kuma ranar da ɗamarar ta zagaye jiki bakinta biyu suka haɗu, to sai dai a yi haƙuri. Aka tuna cewa daren da zafin ya fara a ɗakin amarya ya kwana. Kafin mako ya cika an kai yarinya gidan iyayenta, an shafa wa ƙurajen toka da saiwa da garin kafso, an kashe kuɗi wajen masu karya sammu. Sai a rana ta goma sha biyu aka kai shi asibiti. Ma'aikacin jinya ya ɗaga rigar, ya yi tambaya ɗaya: ya taɓa yin ƙarambau yana yaro? Yayarsa da ta rako shi ta ce ƙwarai, ita ce ma ta yi jinyarsa a garinsu tun ba a yi masa kaciya ba. Ma'aikacin ya ce to shi ne ya dawo.

Dattijo ya sa baki amarya ta koma ɗakinta bayan wata biyu. Amma har yau in ta shiga taron mata akwai masu janye 'ya'yansu. Ƙurajen sun bushe tuntuni, kalmar da aka jefe ta da ita ba ta bushe ba.

Likitocin ƙasar nan suna kiran wannan ciwo zona, kalmar da asalinta a harshen Girka ke nufin ɗamara. Mai haddasa shi ƙwayar cuta ce daga cikin waɗanda ake kira bairos, kuma ita ce dai take haddasa ƙarambau. Yaro ya kamu da ƙarambau a makarantar allo ko a tsakar gida, ya yi zazzaɓi, ƙuraje su rufe shi, bayan mako ɗaya zuwa biyu ya warke, iyaye su ce Alhamdulillahi an rabu. Ba a rabu ba. Ƙwayar ta bar fata ta bi jijiyoyin da ke kai saƙon ji, ta gangara har wasu ƙulle-ƙullen jijiya da ke jere a gefen laka, wato igiyar da ke cikin ƙashin baya, da kuma wani ƙulli a cikin kai wanda ke kula da jin fuska. A nan take kwanciya. Ba ta hayayyafa, ba ta sa ciwo, kuma mai ita bai san tana nan ba.

Duk wanda ya girma a bakin Kwara ko a fadamun Sota ya san gaiwa. In ruwa ya janye da rani, sauran kifaye su mutu, ita kuwa sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta ta yi lamo, wata da watanni ba ci ba motsi. Mai wucewa ya taka busasshiyar ƙasa bai san akwai rai a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ranar da ruwa ya sauka sai ta fito. Haka wannan ƙwayar take, kuma abin mamaki harshenmu ya ba wa maɓoyarsu suna ɗaya: waccan tana cikin lakar fadama, wannan tana gefen lakar baya. Bambancinsu shi ne gaiwa watanni take jira, ita kuwa ƙwayar ƙarambau tana iya jiran shekara hamsin.

Wannan ilimi ba jiya aka same shi ba. Wani likitan karkara a Ingila mai suna Edgar Hope-Simpson ya shafe shekara 16 yana rubuta kowane mai zona da ya zo wurinsa a garin Cirencester, har mutum 192, sannan a 1965 ya bayyana cewa ciwon ƙarambau ne da ya kwanta ya farka, kuma garkuwar jiki ce ke danne shi tsawon shekarun da yake kwance. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da maganarsa. A ƙasashen da aka yi ƙidaya sosai, kamar Amurka, an samu cewa kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi zona a rayuwarsa. Ciwon da ke kama ɗaya cikin uku a ƙasar da ba a san kishiya ba, ta yaya zai zama hujja a kan kishiya a nan?

Batun haɗuwar ɗamara kuwa, bayaninsa a fili yake. Kowace jijiya da ta fito daga laka tana kula da siririn yanki ɗaya na fata, a gefe ɗaya na jiki, daga baya zuwa tsakiyar gaba. Ƙwayar ta farka ne a ƙulli ɗaya, don haka hanyar jijiya ɗaya take bi, inda jijiyar ta ƙare nan ƙurajen ke tsayawa. Layin da tsofaffi suka gani suka tsorata, iyakar jijiya ce, kuma haka Allah ya tsara jikin kowa.

To me ke danne ta, me kuma ke tashin ta? A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaro ne. Wani rukuni daga cikinsu, da likitoci ke kira T, suna riƙe kamannin duk cutar da suka taɓa yaƙa. Tun ranar da yaro ya warke daga ƙarambau suke gadi, duk lokacin da ƙwayar ta motsa sai su murƙushe ta kafin ta kai fata. Ba za su iya fitar da ita daga jijiya ba, ita ma ba za ta iya wuce su ba, sai a zauna a haka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsufa yana tsaga wannan bango, shi ya sa ciwon ya fi yawa bayan shekara hamsin. Ciwon suga yana tsaga shi, haka ciwon daji da magungunansa, haka cutar sida. Doguwar wahala da damuwa mai cin rai su ma ana lissafa su cikin masu raunana tsaro.

Akwai kuma tsagar da muke yi wa bangon da hannunmu, kuma ita ce ta fi ba mu takaici. Ƙwayoyin nan da ake sayarwa a tire domin ƙara ƙiba, waɗanda 'yan mata ke sha gabanin biki, da yawansu suna ɗauke da deksametazon ko danginsa. Wannan magani ne na gaske mai amfani a hannun likita, amma aikinsa shi ne kwantar da garkuwar jiki. Wanda ya dawwama a kansa yana sallamar masu gadin gidansa ne da kuɗinsa. Irin wannan sinadari yana cikin mayukan ƙara hasken fata da yawa. Kumatun da suka cika ba lafiya ba ce, kumburi ne, kuma farashinsa yana zuwa daga baya.

Yanzu ga abin da zargi ke jawo mana hasara a kansa. Zona tana da magani, sunansa asikulobir, wanda ya fito daga binciken da wata masaniya Ba'amurkiya, Gertrude Elion, ta jagoranta, wadda aka ba wa lambar yabo ta Nobel a 1988. Maganin ba ya kashe ƙwayar da ke kwance, yana hana wadda ta farka hayayyafa. Saboda haka amfaninsa ya fi yawa in an fara shi cikin kwana uku, wato sa'a 72, daga fitowar ƙuraje. Yana rage yawansu, yana gaggauta bushewarsu, yana sassauta zafin, kuma yana kare ido. Waɗannan kwanaki ukun su ne muke kashewa wajen taron dangi da tuhumar juna da tafiya gidan mai duba. Kafso ja da rawaya da ake barbaɗawa a kan ƙurajen ba ya taɓa bairos ko kaɗan, toka da ƙasa kuwa sai dai su shigar da wata cutar cikin raunin.

Wanda ƙurajen suka fito masa a goshi ko fatar ido ko kan hanci, to kada ya kwana, domin jijiyar da ke kula da wurin ita ce ke kula da ido, kuma an yi asarar idanu ta wannan hanya. Wanda suka fito masa a cikin kunne, bakinsa ya karkace, kada a ce iska ce ta mare shi, ƙwayar ce ta taɓa jijiyar fuska. Ga tsofaffi kuma akwai wata jarrabawa: ƙuraje su warke amma zafi ya zauna wata da watanni, har rigar jiki ta zama kamar ƙaya. Mai albasan nan ya fi wata shida a haka, kuma dangi suka ɗauki wannan a matsayin alamar sammun bai karye ba. Jijiya ce ta ji rauni, kuma akwai magunguna na musamman da likita ke rubutawa dominta. Tiramol na bakin tasha kuwa, sai dai ya ƙara wa mai ciwo ɗaya na biyu.

A sani kuma cewa ruwan ƙurajen zona yana iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau. Saboda haka a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, a nisanta mai ciki da jariri har ƙurajen su yi ɓawo. A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da yawa suna kai girma ba su yi ƙarambau ba, kuma ya fi tsanani ga babba, balle mai juna biyu. Yaron da ke ƙarambau kuma kada a ba shi asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, parasitamol ya wadatar.

Ƙwayar ƙarambau ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Dangi ne da likitoci ke kira erpes, takwas daga cikinsu suna kama ɗan Adam, kuma halinsu ɗaya: in sun shiga ba sa fita. Wadda kowa ya sani ita ce mai fitar da 'yan ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓin cizon sauro ko mura, har mukan ce zazzaɓi ne ya fita ta baki. Ita ma a ƙullin jijiyar fuska take kwana, zazzaɓin ne ke ba ta ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da ita. Mafi yawanmu mun same ta tun muna goye, daga bakin masu ƙaunarmu.

Ga babba abin wasa ne, ga jaririn da bai yi wata ba kuwa yana iya zama ajali, domin garkuwarsa ba ta ƙosa ba, ƙwayar tana iya kai wa ƙwaƙwalwa da hanta. Mu duba al'adarmu ta ranar suna. Jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta sumbata, wancan ya yi tofi, wani ya tauna dabino ya sa masa a baki domin neman albarka. Duk ƙauna ce, kuma ba mu zo rushe ta ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne: duk wanda yake da ƙurji a leɓe, ko da kakan yaron ne, ko da malamin unguwa ne, ya yi addu'arsa daga nesa ya bar wa wani tauna dabinon. Addu'a ba ta buƙatar yawu kafin ta isa. Jaririn da ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi mama, ko ya yi laushi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a fita arba'in.

Sai kuma wadda ake jin nauyin faɗa, amma ita ce ta fi kawo mutane zaure. 'Yar'uwar ta leɓe ce, tana fitowa a al'aura, ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa. Ƙiyasin hukumar nan ya ce mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, kuma nahiyarmu ce ta fi yawan masu ita. Mafi yawansu ba su sani ba, domin ko dai ba ta taɓa nuna alama ba, ko alamar ta yi ƙanƙanta har an ɗauke ta ƙaiƙayin zafi. Tana iya wucewa daga jiki zuwa jiki ko babu ƙurji a bayyane, kuma tana iya kwanciya shekaru kafin ta fito karo na farko.

A nan muke kira ga maza musamman da su yi hattara da harshensu. Mu al'umma ce da ake aure, a rabu, a sake aure. Bazawara tana shiga gidan mai mata uku, mai mata uku ya taɓa sakin biyu, kowane ɗayansu kuma ya fito daga auren halal. Ƙwayar da ta bayyana a jikin mace bana tana iya kasancewa ta zo daga mijinta na fari da ya rasu shekara goma da suka wuce, ko daga mijinta na yanzu wanda bai taɓa ganin komai a jikinsa ba. Babu likitan da zai duba ƙurji ya faɗi ranar da aka ɗauke shi ko wanda ya kawo shi. Mun yi karatu a gaban malamai, mun san nauyin ƙazafi da irin shaidar da shari'a ta gindaya kafin a buɗe baki a kan mutuncin mace. Ƙurji ba ya cikin shaidun. Abin da ya kamata shi ne miji da mata su je asibiti tare, su ƙaurace wa shimfiɗa lokacin da ƙurajen suke, kuma mai ciki ta gaya wa ungozomar asibiti tun wuri, domin mafi yawan jariran da ke kamuwa a lokacin haihuwa suke kamuwa. Masu lasifika da ke zagaya kasuwa suna alkawarin wanke ciwon sanyi daga jini cikin kwana bakwai kuwa, kuɗinku kawai za su wanke. Har yau babu maganin da ke fitar da wannan ƙwaya daga jiki, akwai dai mai kwantar da ita.

Akwai magana mai ɗaci da ba za mu tsallake ba. Zona a jikin tsoho abu ne da aka saba. Zona a jikin mai shekara ashirin da biyar ko talatin, ko wadda ta dawo sau biyu, ko ta kama wuri fiye da ɗaya, tambaya ce da jiki ke yi: me ya raunana tsaro tun da ƙuruciya? A Afirka sau da yawa amsar ita ce ƙwayar sida, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zona cikin alamomin farko-farko na wannan cuta. Ba kowane matashi mai zona ke ɗauke da ita ba, amma kowannensu ya cancanci gwaji. Garinmu mashiga ce. Manyan motoci daga tashar jirgin ruwan Kwatano sun shekara da shekaru suna kwana a nan kafin su haye gada zuwa Gaya, kuma da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai tururuwar ta koma bakin ruwa wajen kwale-kwale. Inda matafiya ke taruwa cuta ma tana taruwa. An kuma tabbatar cewa mai erpes na al'aura ya fi wanda ba shi da ita saurin ɗaukar sida kusan ninki uku. Wanda ya yi gwaji da wuri ya fara shan magani, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, garkuwarsa tana farfaɗowa ya rayu ya ga jikokinsa. Wanda ya ɓoye saboda bakin mutane, bakin mutanen ba zai yi jinyarsa ba.

Daga cikin dangin nan akwai wadda ta shafi yaranmu ta wata fuskar. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, yana aiki a Kampala ta Yuganda, ya ba da bayanin wani kumburin muƙamuƙi mai saurin girma da ke kama yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 a London, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar erpes a cikin naman wannan kumburi. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da ita a cikin jininsa ba tare da wata illa ba. Amma yaron da zazzaɓin sauro ke kayarwa kowace damina, tsaronsa a kanta yana raguwa, kuma ga 'yan kaɗan daga cikinsu abin yana juyewa ya zama ciwon daji. Mu da muke zaune tsakanin kogi da gonakin shinkafa, wannan maganar tamu ce. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ke kumbura cikin makonni, haƙoransa suna girgiɗi, kada a tsaya a kan cewa hangum ne ko maita. Wannan daji yana daga cikin masu jin magani in an kai shi da wuri, ko da tafiyar za ta kai Paraku ko Kwatano. Gidan sauro da muke mayarwa shingen lambu yana kare abin da ya fi zazzaɓi.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce sihiri gaskiya ne, malamai ba su musanta shi ba. Mu ma ba mu zo musu a kan wannan ba. Amma kasancewar abu yana faruwa a duniya ba ya zama hujja cewa wance ce ta yi wa wane. Malaman da suka karantar da mu samuwar sihiri su ne suka karantar da mu haramcin mummunan zato, suka kuma karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. In ciwo yana da sanannen sababi, da sananniyar hanya a jiki, da sanannen magani, wanda ya bar duk wannan ya kama wuyan baiwar Allah ya ɗauki alhakin da zai amsa.

Wasu za su ce sun ga wanda mai maganin gargajiya ya warkar. Gaskiya ne sun gani. Ƙurajen zona suna bushewa da kansu cikin mako biyu zuwa huɗu, ko an sa magani ko ba a sa ba, don haka wanda ya shafa nasa a ƙarshe shi ke karɓar godiya. Ba a kan bushewar ƙuraje ake auna magani ba, a kan ido da ya tsira da daren da aka samu barci ake auna shi. Ba mu raina masu ganye da saiwa ba, a cikinsu akwai masu amana da ke cewa wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti. Irinsu muke so su yawaita.

Wasu kuma za su ce kuɗi, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Kasuwa ta ja baya lokacin da aka rufe gada, maganin ba shi da arha, ana shan sa sau biyar a rana har kwana bakwai, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Rigakafin ƙarambau da Michiaki Takahashi ya samar a Japan a 1974, da sabon rigakafin zona na tsofaffi da aka fara amfani da shi a Amurka a 2017, ba sa cikin alluran da ake yi wa jama'a kyauta a ƙasar nan. Ga Bahaushe kuma akwai ƙarin shinge: tsohuwa ta je asibiti, ma'aikaci yana Faransanci ko Dendanci, ita ba ta iya bayyana irin zafin da take ji ba, sai ta ga gara ta je inda za a ji harshenta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a gidan mai albasan nan an kashe wajen karya sammu fiye da abin da asibiti zai ci, kuma mun ga lissafin da idonmu.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, kuma mun gabatar da shi gaban dattijo ya sa albarka. Duk ƙarar da ta shigo zaure wadda tushenta ciwo ne a jikin wani, ba za a saurari zargi ba sai an kawo takardar asibiti. Ƙungiyoyinmu na 'yan albasa da 'yan shinkafa da matan adashi su ware wani abu kaɗan domin wanda ciwo ya kama ba shiri, ya samu kuɗin kwana ukun farko ko da rance ne. Matasanmu da suka yi boko, masu jin Faransanci da Dendanci, su ɗauki raka tsofaffi asibiti a matsayin aikin lada. Limamai da masu wa'azin mata su faɗi maganar leɓe da jariri a wuraren suna, domin in ta fito daga bakinsu babu kakar da za ta ji an wulaƙanta ta. Iyaye mata kuma su duba abin da 'ya'yansu ke haɗiya da abin da suke shafawa kafin biki.

Mu 'yan tsiraru ne a garin nan. Abin da ya riƙe mu a tsakanin maƙwabtanmu Dendawa da Fulani da sauran jama'a tun zamanin kakanninmu fatake shi ne amana da riƙon juna. Kowace mace da aka kora a kan ƙurji, gida biyu ne suka ɓata, kuma ba mu da gidajen da za mu yi ta ɓatawa. Da yawanmu da ke karanta wannan rubutu muna ɗauke da gaiwarmu a gefen laka tun muna yara, kuma wata rana tana iya motsawa. In ranar ta zo, muna fatan wanda ke kusa da mu zai tambaye mu ko mun taɓa yin ƙarambau, ya nemo mai babur tun rana ba ta faɗi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.